Gwajin Toshewar Hanci da Sauti: Abin da Na'urar Ke Gani da Abin da Ke Kuɓuce Mata

Akwai wata takarda da wasu masu fama da toshewar hanci ke fitowa da ita daga wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zane ne na layuka biyu masu hawa da sauka, ɗaya na kafar dama, ɗaya na hagu, da 'yan lambobi a gefe. Wasu a nan Legas aka yi musu gwajin, wasu kuma daga Indiya ko Masar suka dawo da takardar. Ruɗanin da take jawowa ta fuska biyu yake zuwa. Ga wanda ya shekara yana kwana baki buɗe, ya farka maƙoshi a bushe, amma takarda ta ce hancinsa lafiya lau. Ga kuma wanda ciwon kai ne ya kai shi asibiti, bai taɓa kukan hanci ba, sai aka nuna masa lamba aka ce kafarsa ta hagu ta tsuke, har ana zancen tiyata.

Sunan gwajin akustik rainometri, wato awon cikin hanci da sauti. Ya haura shekara 30 ana amfani da shi, amma har yau bakin likitoci bai zo ɗaya ba kan nauyin da ya dace a ba shi. Ba wai suna musun ko na'urar na aiki ba ne. Tana aiki, kuma tana auna abin da aka ƙera ta dominsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, abin da take aunawa faɗin hanyar iska ne, shi kuwa marar lafiya ba faɗi yake kuka da shi ba, numfashi yake kuka da shi, kuma biyun ba kullum suke tafiya tare ba.

Yadda sauti ke auna rami

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya yi magana ya san amsa-kuwwar mai zurfi daban take da ta gajera, ta mai faɗin ciki daban da ta tsukakkiya. A kan wannan aka gina gwajin. Na'urar bututu ce da ake manna bakinta a kafar hanci ɗaya, ta saki ɗan gajeren sauti cikin hancin. Duk inda hanyar ta tsuke ko ta buɗe, wani ɓangare na sautin yakan juyo baya. Makirufo da ke jikin bututun ya kama abin da ya juyo, kwamfuta ta yi lissafi: lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan wurin daga bakin hanci, ƙarfinsa kuma shi ke nuna yadda faɗin ya canza a wurin. Sautin irin wanda kunne ke ji ne, ba irin na sikanin masu juna biyu ba. Babu allura, babu hasken hoton ƙashi, kuma cikin 'yan daƙiƙu an gama.

Lissafin da kwamfutar ke bi ma ba don hanci aka ƙirƙire shi ba. Masu nazarin girgizar ƙasa biyu, Ware da Aki, su suka wallafa shi a 1969 domin gano yadda shimfiɗun ƙarƙashin ƙasa suke daga motsin da ke dawowa sama. A 1977 Andrew Jackson da abokan aikinsa a Amurka suka gwada dabarar a hanyoyin iska na huhu. Sai a 1989 Ole Hilberg na Aarhus a ƙasar Denmak, tare da Jackson da wasu masana biyu, suka nuna yadda za a yi amfani da ita a hancin mutum. Daga nan ta bazu a asibitocin Turai.

Layin da ke kan takardar nisa ne a gefe ɗaya, faɗi a ɗaya gefen. A hancin babban mutum yakan nuna kwari biyu a gaba. Na farko yana kusan santimita 2 daga bakin hanci, wurin da ake kira mashigin hanci, wanda galibi shi ne mafi ƙunci a duk hanyar. Na biyu yana ɗan gaba da shi, daidai kan wata tsoka da ke kwance a bangon gefe, wadda likitoci ke kira tabinet ta ƙasa. Ita wannan tsoka cike take da jijiyoyin jini, tana kumbura tana sacewa, kuma ita ce ke rufe hanci lokacin mura. Lambar da aka fi dubawa ita ce ta wuri mafi ƙunci, wanda a yawancin manya bai kai murabba'in santimita 1 ba.

A ƙa'ida sau biyu ake yin gwajin: a auna, a fesa maganin da ke sace kumburi, a jira kamar minti 10, a sake aunawa. In hanyar ta buɗe sosai bayan feshin, kumburi ne ke toshe ta, kuma magani ke da aiki. In ta tsaya yadda take, to matsalar ta ginin hancin ce, kamar karkacewar shamakin guringuntsi da ƙashi da ya raba kafofin biyu. Wannan kwatanci na kafin feshi da bayansa shi ne mafi amfanin abin da na'urar ke bayarwa, kuma takardar da babu shi a cikinta rabin aiki ce.

Tambayoyi uku da ake cuɗawa

Masu muhawara kan amincin gwajin sukan haɗa tambayoyi uku wuri ɗaya. In aka maimaita shi, lamba ɗaya zai bayar? Lambar da ya bayar ta yi daidai da ainihin faɗin cikin hancin? Sannan lambar tana da alaƙa da abin da mutum ke ji, har ta iya nuna wanda tiyata za ta amfana? Amsar ta farko ita ce e, in an kiyaye sharuɗɗa. Ta biyu e ce a gaban hanci, a'a a can ciki. Ta uku ita ce ta raba kan likitoci.

Hanci ba ya zama wuri ɗaya

A hannun ƙwararre, awo uku ko huɗu da aka yi a jere a zama ɗaya sukan zo kusa da juna. Shi ya sa ƙa'idojin da Hilberg da Pedersen suka fitar a 2000, da rahoton kwamitin daidaita awon hanci na ƙasa da ƙasa na 2005, suka nemi a riƙa maimaita awon a jefar da wanda ya bauɗe, ba a dogara da bugu ɗaya ba. Amma in aka ce mutum ya dawo gobe, ko wani ma'aikacin ya karɓi bututun, bambancin yakan ƙaru.

Wani ɓangare na wannan laifin hannu ne. Gaban hanci taushi gare shi. In aka danna bakin bututun da ƙarfi, ko aka karkata shi, an riga an canza siffar wurin da ake son aunawa. In kuma aka sassauta har iska ta sami kafa, sautin zai zurare ta gefe, kwamfuta ta ɗauka hancin ya fi yadda yake faɗi. Don haka ake shafa wani abu mai yauƙi a bakin bututun ya toshe kafa, a kuma ce wa mutum ya tsayar da numfashi na ɗan lokaci, kada ya haɗiyi yawu. Ɗakin ma da nasa. Gudun sauti a iska kusan mita 343 ne a daƙiƙa a ma'aunin zafi 20, yana kuma ƙaruwa in zafi ya ƙaru, saboda haka dole a riƙa saita na'urar da yanayin ɗakin. Tunda makirufo ne ke aikin, hayaniya tana ɓata awo. A garin da janareta ke ruri a bayan kusan kowane gini, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Babban ɓangaren kuwa daga hancin ne kansa. Tun 1895 wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana cewa kafofin hanci karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ta kumbura ta rage aiki, ɗaya ta buɗe, bayan 'yan sa'o'i su sauya. Yawancin mutane haka hancinsu yake ba tare da sun lura ba. Wanda aka auna da hantsi aka ga hagu a tsuke, ana iya auna shi da la'asar a ga dama ce a tsuke. Kwanciya tana ƙara kumburi. Motsa jiki yana sace shi na ɗan lokaci, don haka wanda ya sauko daga danfo ya yi sauri don kada layi ya wuce shi, ya kuma hau bene biyu a guje, hancinsa zai fi buɗewa fiye da yadda yake da dare a kan gado. Fita daga zafin titi zuwa ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana motsa tsokar. Dalilin ke nan da ake so mutum ya zauna ya huta a ɗakin, minti 15 zuwa 30 gwargwadon ƙa'idar da ake bi, kafin a taɓa shi. A asibitin da mutane suka yi cincirindo a bakin ƙofa, wannan hutun ne farkon abin da ake yarwa.

Santimita biyar na farko

An kwatanta sakamakon na'urar da hoton CT da na MRI a nazarce-nazarce da dama, kuma abin da ake ta samu kusan iri ɗaya ne. A gaban hanci, daga baki zuwa kimanin santimita 5 ko 6, awon sauti da hoto sukan yi kusa da juna. Daga nan zuwa ciki sai su fara rabuwa.

Dalilai biyu ne manya. Na ɗaya, akwai kogunan iska a cikin ƙasusuwan fuska, waɗanda ake kira sainos, kuma ƙananan ƙofofinsu a cikin hanci suke buɗewa. Sauti yakan shige su, sai kwamfuta ta lissafa kamar hanyar ce ta yi faɗi. Na biyu, in mashigin gaba ya tsuke ƙwarai, sautin da ke ratsawa ya dawo kaɗan ne, saboda haka duk lambobin da ke bayan wannan ƙunci sukan kauce. Wato a hancin da ya fi kowane toshewa, wanda aka fi buƙatar sanin abin da ke bayansa, a nan na'urar ta fi rauni. In kuma akwai huda a shamakin tsakiya, sautin zai tsallaka ɗaya kafar, lissafin ya rushe gaba ɗaya.

Wannan iyaka tana da muhimmanci ga iyaye. Yaron da ke minshari yana kwana baki buɗe, sau da yawa naman bayan hanci ne ya girma, wanda ake kira adinoyid, kuma can ƙarshen hanyar yake, inda awon sauti ba shi da tabbas. Haka tsiron nama da ke fitowa daga sama ko daga baya. Na'urar ba ta faɗin mene ne ya tsuke hanya. Majina busasshiya, tsiro, karkataccen ƙashi, duk kwari ɗaya za su nuna a kan layi.

Faɗi daban, jin iska daban

Ko da a ce an auna faɗin daidai, sauran tafiya. Faɗi ba shi ne gudun iska ba. A bututu mai santsi da iska ke bi a hankali, in aka rage faɗin bakinsa daga gefe zuwa gefe da rabi, wahalar tura iska tana ninkawa sau 16. Hanci ba bututu mai santsi ba ne, amma lissafin ya isa ya nuna cewa ɗan kuskure a awo babban bambanci ne a numfashi. Siffa ma tana da tasiri: rami zagayayye da tsaga siririya suna iya zama da faɗi ɗaya a lissafi, amma iska ba za ta bi su daidai ba. Sannan ana yin awon ne mutum ya tsayar da numfashi. Akwai masu hancin da bangon gefensa ke da rauni, yana lotsawa ciki duk lokacin da suka ja iska da ƙarfi. Irin wannan hanci a tsaye lafiya lau zai nuna. Likita yakan gano shi ne da ido, ko ya ja kumatun mutum gefe da yatsa ya tambaye shi ko ya ji sauƙi.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne yadda jiki ke sanin hanci a buɗe yake. Hanci ba shi da wata jijiya da ke auna faɗi. Abin da yake ji shi ne sanyin da iska ke sa wa fatar cikinsa sa'ad da take wucewa. Kowa a Legas ya san aikin Robb ko Aboniki ko alewar TomTom lokacin mura: da an shaƙa sai a ji hanci ya washe. A 1983 Ronald Eccles da abokan aikinsa a Cardiff ta Birtaniya suka auna wahalar wucewar iska kafin da bayan shaƙar mentol, sinadarin da ke sa irin waɗannan kaya sanyi, da kafur da man turare na yukaliftos. Mutanen sun ce sun ji iska ta ƙaru, ma'auni kuwa bai motsa ba. A 2002 aka gano ƙwayar da ke jikin jijiyoyi mai karɓar sanyi, ita ce kuma mentol ke taɓawa. A 2011 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka sa mutane shaƙar iska iri-iri, suka ga iska mai sanyi da iska busasshiya suna sa mutum jin hancinsa ya fi buɗewa fiye da iskar ɗaki ta yau da kullum.

Wannan binciken yana ba da haske kan wata magana da 'yan Arewa sababbin zuwa Legas kan yi, cewa iskar garin nauyi gare ta. Iska mai ɗumi da laima ba ta sanyaya fatar hanci kamar busasshiyar iskar Kano ko Sakkwato, don haka mutum na iya jin kamar numfashinsa bai isa ba alhali faɗin hancinsa bai canza ba. Na'urar sauti ba ta da hanyar ganin wannan.

Misali mafi tsanani shi ne na waɗanda aka yanke wa tsokar gefen hanci fiye da kima. Hancinsu wayam yake, lambobinsu sun fi na kowa kyau, amma wasunsu kullum ji suke kamar an toshe su. Eugene Kern na asibitin Mayo a Amurka ne ya raɗa wa yanayin suna a 1994, ciwon hancin da ba kowa ciki. Duk mai ganin ƙarin faɗi shi ne ƙarin lafiya, wannan ciwo ya ishe shi jan kunne.

A 2009 André da abokan aikinsa a Holan suka tattara nazarce-nazarcen da suka kwatanta awon na'ura da abin da marasa lafiya ke faɗa. Wasu sun sami alaƙa, wasu ba su samu ba, kuma hukuncinsu shi ne alaƙar ba ta tabbata ba. Sun lura dai cewa an fi samun daidaito in kafa ɗaya ake tambaya a kanta, maimakon hanci gaba ɗaya. Wannan ya yi ma'ana, don mutum ya fi iya cewa "dama ta fi hagu toshewa" fiye da ya kimanta jimillar iskar da ke shiga.

Ma'aunin wa ake bi?

Kafin a ce lamba ta yi ƙasa, sai an san wadda ake kwatanta ta da ita. Yawancin alƙaluman farko na hanci mai lafiya daga Turawa aka tattara su. Wani nazari da aka wallafa a 1995 ya sami matsakaicin wuri mafi ƙunci kusan 0.87 na murabba'in santimita a baƙar fata, 0.69 a Turawa, 0.63 a mutanen gabashin Asiya. Ke nan lambar da za ta zama daidai ga Bature tana iya zama ƙunci ga ɗan Afirka, kuma in na'urar da ma'aunin Turai ta zo, za ta iya wanke hancin da ke da matsala. A cikin Nijeriya ma siffar hanci ba ɗaya ba ce, ko a cikin zangon Agege kaɗai aka duba. Tsawon mutum da shekarunsa da jinsinsa duk suna shiga lissafi. Bakin bututun ma in bai dace da faɗin kafar ba, zurarewar sauti ta samu. Saboda haka kwatanta mutum da kansa, dama da hagu, kafin feshi da bayansa, kafin tiyata da bayanta, ya fi ƙarfi a kan kwatanta shi da jadawalin da aka buga a wata nahiya.

Inda likitoci suka tsaya

Masu goyon bayan gwajin suna cewa ido ma yana kuskure. Likitoci biyu sukan leƙa hanci ɗaya su saɓa kan girman karkacewar, kuma mafi yawan manya shamakin hancinsu ba a miƙe sak yake ba, don haka ganin karkacewa kaɗai ba hujjar yanka ba ce. Lamba, a cewarsu, tana rage son rai, tana kuma barin shaida a fayil. Sun ƙara da cewa gwajin ba ya buƙatar ƙoƙarin marar lafiya sosai, don haka ana iya yi wa yara, kuma yana yiwuwa ko da kafa ɗaya ta kusa rufewa. A fagen alaji, wato kumburin da jiki ke yi in ya haɗu da abin da bai karɓe shi ba, matsayinsa ya fi ƙarfi. Ƙungiyar masana alaji ta Turai, a ƙa'idojinta na 2018 kan gwajin da ake sa wa mutum abin da ake zargi a hanci a ga ko zai kumbura, ta amince da awon sauti a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunai, inda raguwar faɗi da kashi 40 cikin 100 ke zama tabbatacciyar alama.

Masu shakka ba su musanta wannan ba. Tambayarsu ita ce ko lambar na canza shawarar da likita zai yanke. Kwamitin ƙwararru na ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ya cim ma matsaya a 2015 cewa duban hanci da fitila ko da siririn bututu mai kyamara ya isa tabbatar da karkacewar shamaki kafin tiyata. Wasu manyan kamfanonin inshorar lafiya a can har yanzu ba sa biyan kuɗin awon sauti, suna ɗaukarsa abin da bai gama tabbata ba.

Babban gwajin da aka yi a Birtaniya kan tiyatar gyaran shamaki, wanda aka wallafa a 2023, ya ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi ta wata fuska. Mutum 378 aka ɗauka a asibitoci 17, aka raba su tsakanin tiyata da maganin feshi. Sharaɗin shiga shi ne a ga karkacewar, sannan mutum ya sami maki sama da 30 cikin 100 a wata takardar tambayoyi biyar da ake kira NOSE, wadda aka fitar a 2004, mai tambaya kan cunkoso, toshewa, wahalar numfashi, barci da motsa jiki. Bayan wata 6 waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi da tazara mai yawa, kuma waɗanda suka fi shan wahala tun farko su suka fi amfana. Wato bakin marar lafiya, in aka tambaye shi bisa tsari, ma'auni ne mai aiki.

In aka auna hujjojin biyu, matsayar da ta fi tsayuwa ita ce ta tsakiya: awon sauti yana da amfani wajen bin canji a hanci ɗaya da rarrabe kumburi da matsalar gini, amma bai isa shi kaɗai ya wajabta tiyata ko ya hana ta ba.

Sauran ma'aunai, da batun waya

Akwai rainomanometri, mai auna matsin iska da gudunta yayin da mutum ke numfashi. Ya fi kusa da aikin hanci, amma ya fi cin lokaci, kuma ba ya yiwuwa a kafar da ta rufe ruf. Akwai kuma wata 'yar na'urar roba mai abin rufe fuska, wadda mutum ke jan iska da iyakar ƙarfinsa ta hanci a ga yawanta. Ba ta buƙatar wuta, tana da araha ƙwarai, sai dai ƙarfin huhu da himmar mai ja suna shiga sakamakonta, kuma ba ta nuna inda ƙuncin yake.

Wata hanya ta daban da ita ma ke amfani da sauti ita ce naɗar ƙarar numfashi da makirufo a tantance ta, bisa cewa hanya mai ƙunci ta fi yin shuu. An gwada ta a bincike, har da makirufon waya. Ba ta kai matsayin awon amsa-kuwwa ba wajen daidaitattun ƙa'idoji, tunda nisan makirufo da ƙarfin numfashi da hayaniyar wuri duk suna canza sakamako. Manhajar waya da ta ce za ta auna toshewar hanci a tsakiyar kasuwar Mile 12 ba abin gina shawara a kai ba ce.

Abin da ya shafi mazaunin Legas

Yawancin toshewar hanci a garin nan ta kumburi ce, ba ta ƙashi ba. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar kusan mutum 11,200 a Legas a 2018, ya kuma lissafa motoci da masana'antu da janareta cikin manyan tushenta. Hanci ne ke fara karɓar wannan iska. Direban tirela da ke kwana a layin Apapa, mahaucin da ke kusa da hayaƙin babbaka a mayankar Oko-Oba, mai tsire, mai shayi a bakin titi, ɗan dako a kasuwa, duk a cikinta suke wuni. Ga ƙurar hunturu a Disamba da Janairu, ga laimar damina da ke raya ƙwayoyin ƙura da fumfuna a ɗaki. Irin wannan hanci yana canzawa daga safiya zuwa dare, daga mako zuwa mako. Awon daƙiƙa kaɗan a ɗaki mai sanyi ba lallai ya kama shi a mummunan lokacinsa ba.

Akwai kuma batun maganin kemis. Digo ko feshin buɗe hanci irin su Otrivin suna aiki nan take, amma in aka zarce kwana 5 zuwa 7 ana sawa, hanci yakan koma kumbura da zarar maganin ya sake shi, mutum ya shiga zagayen da ba ya iya barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi. Wanda ya ɗiga maganin da safe kafin ya tafi gwaji ya riga ya ɓata awon farko, don za a ga hanci a buɗe, feshin asibiti kuma ba zai ƙara komai ba. Wajibi ne a gaya wa likita duk abin da ake sawa ko sha, a kuma tambaye shi tun kafin ranar abin da za a dakatar.

Ta fuskar aljihu, na'urar ba a kowane asibiti take ba, kuma mafi yawan mutane daga jikinsu suke biya. Mai inshora, ko ta tarayya ko Ilera Eko ta jihar Legas, gara ya tambaya tun farko ko gwajin na cikin abin da aka ɗauke masa. Rashin yin sa ba ya nufin an yi wa mutum aikin rabi. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro irin na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba ko na Ikeja yana iya gano yawancin matsaloli ta hanyar tambaya da duba cikin hancin. Wanda kuma aka riga aka yi masa, tambayoyin da suka dace ya yi su ne ko an auna kafin feshi da bayansa, ko kafar da takarda ta nuna ita ce dai wadda yake jin ta toshe, da kuma ko an leƙa da kyamara an ga abin da lambar ke nuni a kai. In takarda ta ce hagu, shi kuma dama ke damunsa, maganar tiyata ba ta nuna ba tukuna. In takarda ta ce lafiya shi kuwa yana wahala, sauran a duba lotsawar bangon hanci, alaji, bayan hanci da yanayin barcinsa.

Akwai alamomin da ba a tsayawa neman awon sauti a kansu. Toshewar kafa ɗaya da ke ƙaruwa ba ta sauyawa, musamman in da haɓo ko majina mai jini, kumburin fuska ko ido, toshewar kunne ɗaya a babban mutum, ko ƙullutu a wuya, duk suna buƙatar a leƙa da kyamara ba tare da jinkiri ba, wani lokaci da hoto da ɗiban nama. Ƙaramin yaron da majina mai wari ke fita masa ta kafa ɗaya kuwa, akasari wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko ɗan soso ko dutsen ado. In ana zaton ƙaramin batir ne irin na agogo, a ranar ake kai shi asibiti, domin yana iya ƙona shamakin hanci cikin 'yan sa'o'i.